Yadda Aka Cire wa Kawu da Baffa Yanar Ido

A danginmu, duk wanda ciwo ya kama ni ake fara nema kafin a nemi likita. Ban san magani ba, malamin firamare ne ni a Tambuwal. Laifina kawai shi ne ina iya karanta takardar asibiti, kuma gidana yana kusa da titi. Saboda haka in ka ga babur ya tsaya a ƙofata da sassafe, an goyo tsoho daga Kebbe an ɗaure shi da rawani don kada ya faɗo, to ka tabbata hutuna na wannan zangon ya tafi.

Tsofaffi biyu ne suka fi cinye mini hutu, Kawu da Baffa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya shiga soja tun yana saurayi, bai fito ba sai da furfura. Ya dawo Kebbe da akwatin ƙarfe, da takalman fareti, da wata irin murya da in ya kira jikansa kajin maƙwabta ke watsewa. Kowa a gari Saje yake ce masa, har matarsa. Baffa kuwa ƙanin mahaifina ne, manomi mai 'yan shanunsa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In Kawu ya dubi sama ya ce za a yi ruwa, a ranar Baffa zai sa a yi shanya.

Sai ga shi yanar ido ta rufe musu gani a shekara ɗaya. Kawu ya daɗe yana musu, wai hasken rana ne ya ragu a duniya, har ranar da aka same shi tsakar gida yana yi wa buhun gero faɗa don ya yi sallama bai ji an amsa ba. Matarsa tana bayansa da ƙwarya a hannu tana kallon ikon Allah. Shi kuma Baffa saniyar wani ya koro daga mashaya, ya ɗaure ta a turke, ya tsaya yana salati wai yaushe ta rame haka.

Na je Kebbe na ce su shirya in kai su asibiti tare, wahala ɗaya ta ishe ni.

"Ni ba ni zuwa asibitin farar hula," in ji Kawu. "Muna da namu. Gwamnati ba ta manta wanda yay yi mata aiki ba."

"Ka tafi a gwada da kai," in ji Baffa ta bayan katanga. "In ka dawo da ido, mu gani."

Haka muka kama hanyar birni, ni da Kawu da akwatin ƙarfe, zuwa asibitin sojoji da ke cikin bariki. Tun daga ƙofa na ga mutumin ya canza. Tsohon da na riƙo wa hannu muka tsallaka titi, da ya ji ƙarar takalmin mai gadi sai ya fizge hannunsa, ya miƙe kamar an zura masa taɓarya a baya. Aka tambayi sunansa, ya faɗa haɗe da lambarsa ta aiki, a guje, ba tuntuɓe. Wannan mutumin fa sunayen jikokinsa ma sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya dace da wanda yake nema.

A wurin yankar kati ne asiri ya tonu. Sojan da ke zaune bayan taga ya karɓi katin ritayar Kawu, ya duba, ya ɗaga murya yadda duk benci zai ji.

"Kofur!"

Na waiwaya ina neman wanda ake kira. Sai na ji a gefena an buga ƙafa an ce, "Sa!"

Na karɓi katin. Muka zauna. Can Kawu ya matso, ya sassauta muryar nan tasa da ban san tana sassautuwa ba.

"Malam, igiya ta uku an ba ni ita da baki. Takarda ce ba ta iso ba."

"Na gane, Kawu."

"Ba ka gane komi ba. In maganar ga ta kai Kebbe, ban yafe maka nonon ƙanwata ba."

Na riƙe amanar har shekarar da shi da kansa ya faɗa wa liman, don haka yanzu ba ni da nauyi.

Layin ganin likita shiru yake kamar ana jarabawa. Kowa da lambarsa a hannu, ba mai tura wani. Muna gab da shiga sai ga wani dattijo mai sandar ƙarfe ya shigo, aka ce Manjo ne mai ritaya, aka wuce da shi kai tsaye. Na dubi Kawu ina jiran tashin hankali, don na san a Kebbe ya taɓa hana dagaci ɗibar ruwa a famfo saboda ya tsallake layi. Sai na ga ya miƙe ya ƙame ya sara. Matsalar ita ce Manjo ya riga ya shige, wadda ta sami gaisuwar wata baiwar Allah ce mai goge ƙasa. Ta dube shi, ta jingine sandar gogewarta, ta ce, "An gode, Baba."

Likitar ido mace ce, Kyaftin, ba ta kai ƙanwata ta uku shekaru ba. Kawu, wanda a gida bai yarda mace ta gyara masa ko lissafin kwanan wata ba, ya zauna a gabanta hannuwa bisa gwiwa. Ta haska masa ido, ta sa aka auna jininsa, ta ce yanar ido ce, ana cirewa, amma jininsa ya hau kuma akwai suga, sai an kwantar da shi sun sauka. Ta tambaye shi ko yana shan maganin da aka taɓa rubuta masa.

"Kullum, Sa."

Ta dube ni. Na dubi silin.

"Kofur, ƙarya kake yi mini?"

"E, Sa."

Ɗakin da aka kwantar da shi, wallahi ko allura ka yar za ka gan ta. Gadaje a jere kamar an ja musu igiya, zanen gado a miƙe har kana jin nauyin zama a kai. Magani yana zuwa a kan lokacinsa, kana iya gyara agogonka da shi. Abinci daga kicin ɗin asibiti yake zuwa, ba gishiri, ba mai, ba yaji. Kawu ya ce ko a daji da suka ci tuwo da ruwan kwalbati ya fi wannan ɗanɗano. Mai jinya ba ya shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ni da na zo da tabarmata da bargona da butata, aka nuna mini benci a waje, aka ce in dawo da la'asar lokacin dubiya. A gidan wani abokina na sauka. Tunda nake jinya ban taɓa hutawa irin ta wannan makon ba, har na ji kunya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun Kawu. A Kebbe, in ya fara labarin fagen daga bayan sallar la'asar, sai kiran magariba ke ceton mutane. A nan kuwa duk tsofaffin sojoji ne, daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, suna magana da Hausar bariki mai gauraye da Turancin kasuwa. In ka ce ka je wuri kaza, na gadon kusa zai tambaye ka wane ne kwamandanku, a wace shekara, ruwan wace rijiya kuka sha. Sai na gano Kawu tankar ruwa ya tuƙa yawancin aikinsa. Kuma ba wanda ya raina shi a kan haka. Wani tsoho mai ƙafa ɗaya, Kirista daga can kudu, da ya ji haka sai ya miƙo masa hannu, ya ce su da suka yi kwana uku ba ruwa sun san wane ne babba tsakanin direban tanka da Janar. Daga ranar suka ƙulla. Shi yake karanta wa Kawu abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani, Kawu kuma yana tura masa kekensa zuwa baranda, makaho yana tura gurgu, gurgu yana ba da umarni, "Hagu! Hagu na ce, Kofur!"

Rana ta huɗu da hantsi wani dattijo da ke gadon ƙarshe ya cika. An bar ni na shigo a lokacin don in kawo sabulu. Da aka zo fita da shi, ba wanda ya ba da umarni, amma duk mai iya tashi ya tashi. Mai ƙafa ɗaya ya dafa kafaɗar Kawu ya miƙe. Suka ƙame har gadon ya fice. Ba wanda ya san ƙauyen mamacin, danginsa ma ba su iso ba tukuna. Na ga ruwa yana bin kumatun Kawu, ya ce mini maganin ɗigawa ne. A ranar ba a ɗiga masa komai ba.

Washegari 'yan dubiya suka iso daga Kebbe, mota cike, da fura da nono, da kaji biyu masu rai, da Baffa a gaba kusa da direba. Da hantsi suka zo. Mai gadi ya ce sai ƙarfe huɗu. Suka zauna a gindin bango cikin rana har la'asar, sannan aka ce mutum biyu-biyu za su shiga, kowa minti kaɗan. Kaji an hana su shiga. Fura ta kai bakin ɗaki, nas ɗin soja ya buɗe ƙwaryar, ya duba katin Kawu, ya rufe ya miƙa wa matarsa. Rabin mutanen ba su ga Kawu ba lokaci ya cika aka kaɗa ƙararrawa.

Baffa ya samu shiga. Ya laluba gado, ya laluba bango, ya ja hanci.

"Saje, mi kay yi musu sunka ɗaure ka?"

"Wanga shi a asibiti, baƙauye."

"A'a. Na taɓa kai ma wani abinci gidan yari, can ma sun bari an shiga da fura."

An yi aikin ido lafiya. Da aka cire bandeji Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ashe na yi tumbi. Aka ce ɗaya idon sai bayan wasu watanni. Muka koma gida da baƙin tabarau, ya shiga Kebbe kamar wanda ya ciwo yaƙi. Wata biyu ba a huta ba: tsabta kaza, magani a kan minti, likita mai tauraro uku a kafaɗa. Bai taɓa cewa mace ce ba.

Wannan cika bakin ne ya tunzura Baffa. Ya aiko mini cewa ya shirya, amma asibitin talakawa zai je, inda ake barin mutum da mutanensa. Na kai shi wani asibitin gwamnati a yankinmu, ba sai na faɗi wanne ba.

A nan ba layi, akwai dai taro. Tagar yankar kati ɗaya ce, hannu ya fi talatin a cikinta, kowa yana kiran ma'aikacin da sunan da yake zaton zai sa ya waiwayo: Alhaji, Yallaɓai, Likita. Na samu kati bayan azahar. Fayil ɗin Baffa ya ɓace tun kafin a rubuta komai a ciki, aka same shi ƙarƙashin kular abincin wani. Likitan ido sau ɗaya yake zuwa a mako, mutum ne mai haƙuri da gajiya a fuska, shi kaɗai ga jama'a kamar kasuwa. Shi ma ya ce jinin Baffa ya hau, a kwantar da shi. Aka miƙo mini takarda: auduga, filasta, maganin ɗigawa, safar hannu, duk in sayo a kemis ɗin bakin ƙofa.

Babbar nas ɗin ɗakin, wata mace mai jiki, ta tarbe mu da faɗa. Me ya sa muka bari ido ya rufe haka, me ya sa muka zo da tabarma uku, wa ya ce a shigo da buta. Baffa ya bari ta gama, ya ce, "Ɗiyata, maganarki ta yi kama da ta mutanen Sanyinna." Ta ce uwarta 'yar can ce. Kafin a jima sun gano kakarta ta taɓa sayen nono wurin gwaggonsa. Daga nan ya zama Baba, aka sauya masa gado zuwa kusa da taga.

Ɗakin kuwa gari ne guda. Ƙarƙashin kowane gado akwai mai jinya da kayansa. A waje, gindin itatuwan dogonyaro, mata sun kafa murhu. Mai ƙosai tana shigowa, mai goro yana shigowa, rediyo uku suna magana lokaci ɗaya. In an kawo wa mutum ɗaya tuwo, ɗaki duka ya ci. Kowa kuma likita ne: kafin likitan gaske ya zo, na gadon hagu da na dama sun riga sun gaya maka ciwonka da wanda ya mutu da irinsa. Magani yakan zo, amma sai ka je ka tuna wa nas, ita kuma ta tuna maka cewa hannu biyu Allah ya ba ta.

Baffa ya samu abin da yake so. Kebbe ta taso, 'yan uwa na Jabo suka zo a kan babura, har mai saniyar da ya taɓa korowa ya zo da ƙwai. Yana kishingiɗe yana karɓar gaisuwa, yana raba fura, yana sasanta rigimar gona daga kan gado. Sau biyu ana ɗaga aikinsa, na farko wuta ta ɗauke kuma janareta ya ƙi tashi, na biyu an kira likita wani wuri. Ni na kusa kuka, don makaranta ta kusa komawa, ga bayana ya ƙage da kwanan siminti. Baffa kuwa cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, ba mu gaggawa."

Kawu ya zo dubiya da baƙin tabarau da sanda a hammata, ya ce ya zo ya ga yadda ake wulaƙanta talaka. Ya zagaya ɗakin yana tsaki, ya shafa taga ya nuna mini yatsa. Sannan ya zauna a bakin gadon Baffa don ya huta minti biyar. Aka miƙo dambu, ya ce ba ya ci, ya ci. Wani ya tambaye shi ko gaskiya ne ya yi yaƙi. Bai tashi ba sai da aka kira magariba.

An yi wa Baffa aiki, shi ma lafiya lau. Saura kaɗan dai a ɓata shi, don washegari wata tsohuwa daga cikin 'yan dubiya ta kwance ƙullin wani garin magani za ta barbaɗa masa a idon, wai yana sa haske. Babbar nas ta hango ta daga ƙofa. Ban taɓa ganin mace mai jiki ta yi gudu irin wannan ba. Ta ƙwace ƙullin, ta kori ɗakin kaf har da ni, ta tsaya a kan Baffa tana faɗa tana gyara masa filasta a hankali kamar jariri.

Da lokacin idon Kawu na biyu ya yi, na zo da shirin tafiya birni. Sai ya ce ba can za mu ba.

"Ina son in kammala binciken da na faro a wancan asibitin."

"Wane bincike, Kawu?"

Ya leƙa ko matarsa tana kusa. "Malam, kwana tara na yi a bariki, mutum shida sunka gan ni. Wancan baƙauyen, har mai unguwa ya zo mishi sau biyu."

Haka muka tafi asibitin da aka yi wa Baffa aiki. A tagar kati ma'aikacin ya tambayi suna, Kawu ya ce Saje wane. Aka rubuta, ba a nemi wata shaida ba. Ya karɓi katin ya daɗe yana kallonsa da idonsa mai gani.

Kwana ɗaya ya yi yana jin daɗi, a na biyu soja ya motsa. Magani ya makara da rabin awa, ya tashi ya je ya tsaya a gaban teburin nas yana nuna agogo. Ya sa aka jera takalma a bakin ƙofa. Ya kafa layi a famfo, ya hana zubar da ruwan wanke-wanke ta taga. Ya kori akuya da kansa. Na zaci babbar nas za ta cinye shi ɗanye, sai ta fi shi wayo. Ta ce tunda Allah ya kawo mata soja, daga yau shi ne mai korar 'yan dubiya in likita zai zagaya. Kawu ya karɓi muƙamin da hannu biyu. Ranar da motar Kebbe ta iso, cike fal saboda shi, daidai lokacin zagayen likita ne. Ya tsaya a ƙofa da sanda ya hana su shiga, har matarsa. Suka zauna gindin dogonyaro, Baffa ya buɗe ƙwaryar furar da aka kawo wa Kawu, tunda mai suga ba ya sha, ya raba wa jama'a.

Da yamma ɗaya na same shi zaune shi kaɗai a baranda, ga ɗaki cike da hayaniya a bayansa. Ya ce in na samu hanya in bincika masa labarin abokinsa mai ƙafa ɗaya. Ya ce a nan duk abin da ya faɗa sai a ce Allahu akbar, ba mai ce masa ƙarya yake yi, har labarin ya fita daga ransa. Na yi ƙoƙari daga baya, na tambaya a barikin, aka ce an sallame shi ya koma garinsu, ba wanda ya san wane gari.

Malaman makarantarmu sukan tambaye ni wanne ya fi, tunda na kwana biyu a kowanne. Nakan ce in ciwo ne mai son magani a kan minti, a kai ni bariki, amma a bar ni in zo da yajina. Idanun dai duka uku da aka yi wa aiki suna gani har yau. Na huɗun, wato na biyun Baffa, bai yarda an taɓa shi ba. Ya ce abin da ya rage a duniya bai kai a buɗe masa ido biyu ba.

Ranar da aka sallami Kawu ba mu samu mota ba, sai muka hau babura daga Tambuwal, shi a gaba ni a baya. Damina ta ci hanyar Kebbe, ta bar ramuka da zaizaya a gefe. Mun yi nisa kaɗan sai na ga yana dukan kafaɗar mai babur ɗinsa, aka tsaya. Ya sauka, ya cire tabarau, ya leƙa wani kwazazzabo da muka bi ta bakinsa, ya dubi siririyar turbar da tayar ta bi.

"Nan muke bi kullum?"

"Nan ne, Baba," in ji mai babur. "Ai ni na kawo ka, ba ka ce komi ba."

"Lokacin ido guda gare ni, ban gan shi ba."

Duk lallashin da muka yi ya ƙi hawa. Ya sa sandarsa a hammata ya kama tafiya, masu babura biyu suna binsa a hankali, ni ina ɗauke da akwatin ƙarfe a ka, har muka wuce wurin zaizayar. Ko da ya yarda ya hau, sai da ya sa mai babur ya rantse ba zai wuce gudun jaki ba. Mun shiga Kebbe ana fitowa daga sallar la'asar.